Kifin shak a bakin teku: tambayar Maman Khalifa da gardamar da ta biyo baya

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda ke zaune a garuruwan bakin teku ku gaya min gaskiya. Yarona yana karatu a Durban ta Afirka ta Kudu, kuma kusan duk Asabar sai ya turo hoto yana cikin ruwa har ƙirji, shi da abokansa. Ni kuwa tun da na ga bidiyon nan na Masar, wanda kifin shak ya kama wani saurayi mutane na kallo daga gaɓa, hankalina bai sake kwanciya ba. Na ce ya daina, ya ce wai an sa raga. Wace irin raga ce za ta tare wannan dabba? Abin yana yawan faruwa ne, ko ni ce na sa wa raina?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu da ko ruwan Tiga daga nesa muke gaishe shi, bari mu ja kujera mu saurari masu teku.

Injiniya Bashir: Hajiya, bidiyon da kika gani na gaske ne. A Hurghada aka yi, bakin Bahar Maliya, cikin watan Yuni na 2023, kuma saurayin ɗan Rasha ne mai shekara 23. Amma ga lissafin. Akwai wani ofishi a Jami'ar Florida ta Amurka da aikinsa ke nan, tattara duk wani cizon kifin shak da aka samu labarinsa a duniya. A 2023 sun ƙirga cizo 69 da kifin ya yi ba tare da an tsokane shi ba, mutum 10 suka mutu, kuma ita ce shekarar da aka ce ta yi muni. A 2024 cizo 47, mutum 4 suka mutu. Duk duniya fa, ba Durban kaɗai ba. A ɗaya gefen, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021. In za ki yi masa faɗa, ki yi masa a kan ruwan, ki tambaye shi ko ya iya iyo da gaske ko tsayuwa kawai yake yi don hoto.

Sani Durban: Mama, ni a garin nake, bari in gaya miki yadda ragar take don kada yaron ya rufe ki da baki. Ba katanga ba ce. Gutsure-gutsure ne ake shimfiɗawa can nesa da gaɓa, kowace tsawonta ya haura mita 200, zurfinta kamar mita 6, alhali ruwan wurin ya fi haka zurfi. Kifi yana iya bi ta ƙasa ko ta gefe. Aikinta shi ne ta kama manyan da ke yawo a yankin ta rage yawansu. Tun 1952 aka fara sa ta a Durban, aka faɗaɗa bayan abin da ya faru daga Disambar 1957 zuwa Afrilun 1958, lokacin da kifin ya kashe mutum 6 a gaɓar kudu da garin, masu yawon buɗe ido suka watse, har sojojin ruwa suka riƙa jefa bama-bamai cikin teku. Kuma gaskiya tun da aka sa ragar, da wuya a ji an yi kisa a wuraren da take. Sai dai a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ƙananan kifayen sadin ke wucewa garke-garke, akan cire ta a kuma hana shiga ruwa a wasu wuraren. Ya kiyaye wannan.

Amma Injiniya, lissafi daban, gani daban. Ni na gan shi da idona. Muna cikin ruwa da la'asar, sai ga fiffiken bayansa ya tsago ruwa, baƙi ƙirin, tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Tsawon kifin ya kai ƙaramar mota. Har yanzu ina jin ƙarar usur ɗin mai ceto a kunnena, ina ganin wata yarinya da jar hula tana kuka. Ban sake barin ruwa ya wuce min gwiwa ba.

Kabiru Isipingo: Sani, ka ji tsoron Allah, ranar nan ai tare muke. Taku biyar? Abin da aka hango yana can bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, kuma mutanen wurin cewa suka yi dolfin ne. Sannan ba la'asar ba ce, da hantsi ne, don daga nan muka wuce masallaci sallar azahar.

Sani Durban: Kai kana bakin gaɓa kana gadin takalma, me ka gani?

Kabiru Isipingo: Na shiga mana. Kai ne ma ka riga kowa fita.

Ɗan Kurmi: To fa. Labari ya fara daɗi. A ci gaba, muna nan.

Dakta Sadiya: Na so in yi shiru, amma kun shigo fannina. Malam Sani, kafin ka ji haushin abokinka, saurari wannan. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa. Washegari wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam mai suna Ulric Neisser, a Jami'ar Emory, ya sa ɗalibai suka rubuta yadda labarin ya iske su: suna ina, da wa, me suke yi, ƙarfe nawa. Ya adana takardun. Bayan kusan shekara uku aka nemo 44 daga cikinsu aka sake yi musu tambayoyin. Kusan ɗaya cikin huɗu ba su dace da abin da suka rubuta ba ko a abu guda. Wadda ta rubuta cewa a aji ta ji, yanzu tana cewa a ɗakinta take tana kallon talabijin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarfin gwiwar da suke da shi: suna ba da sabon labarin da cikakken tabbaci, kuma da aka nuna wa wasu rubutun hannunsu, sun yarda nasu ne, amma tsohon hoton bai dawo musu ba. An maimaita irin wannan bincike a Jami'ar Duke bayan harin 11 ga Satumban 2001, aka ga cewa labarin ranar firgici yana zubewa kamar yadda labarin kowace rana ke zubewa. Abin da ba ya raguwa shi ne jin da mutum ke yi cewa yana ganin komai tar.

Sani Durban: Wato Dakta a taƙaice ƙarya nake yi ke nan.

Dakta Sadiya: Ko kaɗan. Maƙaryaci ya san gaskiya ya ɓoye ta, kai kuwa abin da ke kanka kake faɗa. Ga yadda abin yake. Idan mutum ya firgita, jiki yana sakin sinadarai irin su adiranalin, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala ya sa a riƙe abin da kyau don gaba. Shi ya sa tsakiyar abin ke zama daram: tsoron, usur ɗin, wani abu baƙi a kan ruwa. Amma hankali a lokacin ƙunci yake yi, ya tattaru a wuri guda, sai gefe-gefen su tsere: nisa, lokaci, wanda ke kusa da kai. Daga baya duk lokacin da ka ba da labarin, ƙwaƙwalwa sake gina shi take yi, ta cike gurbin da abin da ya fi dacewa, har da hotunan da ka gani a waya bayan nan. Kuma tsoro yana ƙara wa abu girma. An gwada masu tsoron gizo-gizo, aka ga gwargwadon tsoron mutum, gwargwadon yadda yake ƙara wa gizon tsawo in an ce ya kwatanta.

Har lokaci ma haka ne. Wani masani, David Eagleman, ya sa mutane suka faɗo daga tsayin mita 31 zuwa cikin raga, da wani ɗan agogo a hannu mai walƙa lambobi da sauri. In da gaske lokaci yana jinkiri ga mai firgici, da sun iya karanta lambobin. Ba su iya ba. Amma da aka ce su kimanta daɗewar faɗuwarsu, sai suka ƙara mata kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne ya sa wanda ya yi haɗarin mota zai ce maka motar ta daɗe tana juyawa.

Hauwa Nas: Dakta na gode, amma ni Injiniya nake so in ja. Wannan lissafin na duk duniya ana yawan kawo shi, kuma yana da yaudara a ciki. An haɗa da mutumin Agadas da bai taɓa ganin teku ba. Wanda ke shiga ruwa kullum a wurin da kifin yake, nasa lissafin daban ne. Ku duba tsibirin Reunion na Faransa, can gabas da Madagaska. Daga 2011 zuwa 2019 mutum 11 kifin ya kashe a ɗan ƙaramin tsibiri, har a 2013 hukuma ta hana iyo da hawan igiyar ruwa a yawancin gaɓar. Ko Recife ta Brazil, inda tun 1992 aka ciji mutane fiye da 60, sama da 20 suka mutu, kuma masana na danganta abin da tashar jiragen ruwa ta Suape da aka gina ta ɓata bakin kogunan da kifin ke haihuwa. Ka je ka gaya wa uwar da ɗanta ya rasu a can cewa ruwa ya fi kifin kashe mutane.

Injiniya Bashir: Anti Hauwa, ban musa ba. Hatsarin ya taru ne a 'yan wurare da kuma 'yan nau'o'i. Kifin shak ya haura iri 500, amma kusan duk kisan iri uku ke yi: babban farin shak, da mai zane a jiki irin na Hurghada, da wanda mutanen Afirka ta Kudu ke kira Zambezi, wanda ke iya shiga ruwan kogi mara gishiri. Shi ya sa amsar ita ce mutum ya san wurin da yake. A New Smyrna ta Florida ake samun cizo fiye da ko'ina, amma yawanci ƙananan kifaye ne ke kama ƙafa ko hannu su saki, a yi ɗinki a koma gida. Cizo ɗaya a Reunion ya fi goma na can muni. Ni dai abin da na ce, ga ɗalibin da ke wanka tsakanin tutocin masu ceto a Durban, ruwan ya fi kifin haɗari nesa ba kusa ba.

Awwal Nima: Allah ya yi maka albarka Injiniya, nan nake jira a zo. Mu a Ankara ta Ghana duk ranar yawon sallah yaran zango bakin tekun Labadi suke kwarara. Tunda nake ban taɓa jin kifi ya taɓa wani a wurin ba, amma ruwa ya ci yaran da na sani. Kuma yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Yaro ya shiga da wandon jins da riga, bai iya iyo ba, yana tsaye ruwa iya ƙugu yana dariya. Akwai wuraren da ruwan da igiya ta turo gaɓa ke komawa teku ta wata 'yar hanya da ƙarfi. In ka duba za ka ga wurin ya fi ko'ina lafawa, babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya yi gurɓi da yashi. To nan ɗin baƙo ke zaɓa, don yana ganin nan ne lafiya. Yashi ya zame a ƙarƙashin ƙafarsa, kafin ya ankara gaɓa ta yi nisa. Sai ya kama kokawa da ruwa yana son komawa ta inda ya fito, ya gaji, kayan jikinsa sun sha ruwa sun yi nauyi. Ba ihu, ba ɗaga hannu irin na fim. Abokansa na can suna ɗaukar hoto.

Abin da masunta suka koya mana: in ya ja ka, kada ka yi jayayya da shi. Kwanta ka bar jikinka ya taso, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka, in kana da ƙarfi ka yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓa, don hanyar ba ta da faɗi sosai. In ka fita daga cikinta sannan ka nufi tudu. Kuma wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa ceton wani, ya jefa masa jarka ko wani abu mai tasowa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa saboda wannan.

Dakta Sadiya: Kun ga abin da Awwal ya faɗa shi ne ɗaya ɓangaren maganar. Mutuwar da ba ta da hoto ba ta zama a kai. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1973 cewa mutum yana auna yawan abu ne da saurin da misalinsa ke zuwa masa a rai. Maman Khalifa ta ga bidiyo ɗaya, ta yiwu an turo mata shi daga rukuni uku, yanzu da ta ji kalmar teku shi ke fara zuwa. A Amurka a 2001, bayan kifi ya cire hannun wani yaro ɗan shekara 8 a Florida cikin watan Yuli, kafafen labarai suka yi ta yayata abin har mujallar Time ta sa shi a bangonta. Da shekara ta ƙare aka ƙirga, cizon bai kai na shekarar da ta gabata ba. Yawan labarin ne ya ƙaru, ba yawan cizon ba.

Usman Bur Sudan: Salam. Mu nan Bahar Maliya a ƙofar gida take, kuma na yi zama da masunta. Su ba sa ɗaukar kifin a matsayin dodo, amma ba sa wasa da shi. Ba sa wanke kifi ko zubar da hanji a inda mutane ke wanka, ba sa shiga ruwa da asuba ko bayan faɗuwar rana. Yawancin masuntan da ya raunata, a hannu ne, lokacin da suke ciro shi daga ƙugiya. Na Masar ɗin ma akwai hannun mutane a ciki. A Disambar 2010 a Sharm el-Sheikh ya raunata masu yawon buɗe ido huɗu cikin 'yan kwanaki, sannan ya kashe wata Bajamushiya. Daga cikin dalilan da masana suka kawo har da mushen tumaki da wani jirgin dakon dabbobi ya zubar a teku gab da babbar sallah, da kuma masu nutso da ke ba kifin abinci da hannu don baƙi su ɗauki hoto. Ka koya wa dabba cewa hannun mutum abinci ne, sannan ka zo kana mamaki.

Alhaji Garba: Yara kuna ta lissafi. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake zai tafi. Hajiya ki yi masa addu'a ki bar shi.

Hauwa Nas: Gaskiya ne Baba, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Tunda nan aikina ne bari in ƙara abu ɗaya: yawancin waɗanda kifin ya kashe, zubar jini ce ta kashe su, ba cinye su ya yi ba. Sau da yawa cizo ɗaya yake yi ya tafi. In aka fito da mutum, a danne raunin da ƙarfi da tawul ko riga, in a ƙafa ne ko hannu a ɗaure sama da wurin tamau da bel ko igiya, a kwantar da shi, a kira motar asibiti. Bethany Hamilton tana shekara 13 a 2003 kifi ya cire mata hannun hagu a Hawai. Mahaifin ƙawarta ne ya ɗaure wurin da igiyar katakon hawan ruwa, ta rayu, kuma cikin kusan wata guda ta koma teku.

Sani Durban: Wata guda? Ita da aka cire wa hannu ta koma, ni da ko taɓa ni bai yi ba na kasa. Dakta wannan kuma fa?

Dakta Sadiya: Girman rauni ba shi ke auna girman tsoron da zai biyo baya ba. Hausawa sun riga mu: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne gudun ne ke ciyar da tsoron. Duk ranar da ka tsaya a gwiwa ka koma gida lafiya, ƙwaƙwalwarka cewa take yi tsayawar ce ta cece ka, ba ta samun damar koyon cewa ko da ka shiga babu abin da zai faru. Masu komawa da wuri, a hankali, tare da mutanen da suka yarda da su, sukan fi saurin warwarewa. Ba dole ba ne ka koma, ba ibada ba ce. Amma in abin ya kai ga mafarki, ko faɗuwar gaba da ƙarar usur, ko ya hana mutum harkokinsa fiye da wata guda, wannan a ga likita, yana da magani.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Na kira shi yanzu, ashe iyon ma a bidiyo ya koya. Na ce ya nemi inda ake koyarwa a makarantarsu kafin ya sake shiga, kuma ya tsaya inda masu ceto suke. Bidiyon dai har yanzu in na rufe ido ina ganinsa.

Injiniya Bashir: Ki ƙara masa da waɗannan Hajiya: kada ya shiga shi kaɗai, kada ya shiga kusa da bakin kogi bayan an yi ruwan sama ruwa ya gurɓace, ko kusa da masu kamun kifi, ya cire agogo ko sarƙa mai ƙyalli. In ya je Cape Town hutu, can tsarinsu daban ne: tun 2004 akwai masu zama a kan dutse sama da gaɓar Muizenberg da madubin hangen nesa. In ya ji jiniya ya ga farar tuta, an hango kifi ne, ya fito ba gardama.

Kabiru Isipingo: Jama'a ku yi haƙuri in dawo da ku baya. Na shiga tsohuwar wayata na nemo hirarmu ta ranar. Sani, ga abin da ka tura wa rukunin 'yan ɗakinmu da ƙarfe 11:40 na safe: "An fitar da mu daga ruwa, wai an ga wani abu can ciki. Ni dai ban gani da kyau ba, na ga mutane na gudu na bi." In kana so in turo hoton allon.

Ɗan Kurmi: Innalillahi. Ƙaramar mota ta zama "wani abu can ciki". Kabiru ba ka da kirki wallahi.

Sani Durban: Saƙon nawa ne, na gane shi. Amma wallahi tallahi ina ganin fiffiken nan yanzu haka da nake rubutu, har da yadda ruwa ke gangarowa a jikinsa. Wataƙila na rubuta haka ne don kada labari ya kai gida hankalinsu ya tashi. Yarinyar mai jar hula fa, ita ma ƙirƙiro ta na yi?

Kabiru Isipingo: Ita kam tana nan, na tuna ta. Amma ni a ganina hular ruwan ɗorawa ce.

Sani Durban: Mu uku ne ranar. Bari in kira Mustafa, shi yana kusa da ni a cikin ruwan, shi zai raba gardama.

Dakta Sadiya: Ka kira shi, amma kada ka ce masa "ka tuna kifin nan?" Kada ka ambaci fiffike, ko taku biyar, ko hula. Ka ce kawai ya ba ka labarin ranar da aka fitar da ku daga ruwa, ka yi shiru har ya gama. Kuma kai Kabiru kada ka riga shi kira.

Kabiru Isipingo: Dakta kin makara, yana kan layi.